Ranar da Na Sa Jar Rakuwa a Mota

Shekaranjiya aka sare tsamiyar da ke bayan masallacin unguwarmu, wai saiwarta tana fasa ginin shaguna. Ina zaune a ƙofar gida ina jin kukan injin yankan, sai na ji gabana yana faɗuwa. Ba inuwar nake ji ba, inuwa kam na sha rabona. Akwai wani rami a reshenta na gabas, kuma shekara da shekaru ina ganin wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari suna shiga suna fita ta wani ɗan bututu mai kama da bakin buta. Na aika a ce wa masu saran su bar mini wannan reshen, suka yi dariya suka ce tsoho ya fara ruɗewa, me zai yi da ƙudaje. Ban ga laifinsu ba. Yaran yanzu ba su san rakuwa ba, in ka ce musu akwai ƙudan zuman da ba ya harbi, wanda za ka sa fuskarka a bakin gidansa ka tashi lafiya, sai su ɗauka tatsuniya kake yi musu.

Mu a gidanmu da ita muka tashi. Mahaifiyata, Inna, 'yar ƙetare ce, daga wani ƙauye kusa da tafkin Madarumfa aka kawo ta nan Jibiya, kuma cikin kayan da ta zo da su har da goruna biyu masu rakuwa a ciki. Ta rataye su a ƙarƙashin rufin rumbu, inda rana ba ta dukan su. Lokacin da na yi wayo sun haura goma, sun zagaye rumbun. Aikin da muka fara koya a duniya nasu ne: zuba ruwa a kasko a sa tsakuwa don kada su nutse, shafa toka a igiyoyin saboda cinnaku, korar ƙadangaren da ke zuwa ya kwanta a bakin bututu yana lashe su ɗaya bayan ɗaya. In ka kara kunnenka a jikin gora da hantsi, za ka ji wani sauti can ciki kamar tukunyar da ke shirin tafasa. Zumarsu ba ta da yawa, gora guda a shekara da ƙyar yake cika kwalbar turare, kuma ruwa-ruwa ce, da ɗan tsami a ƙarshen harshe. Amma in tari ya kama yaro, ko idon tsoho ya yi ja, matan unguwa gidanmu suke zuwa da cokali. Inna ba ta taɓa sayar da ita ba, kuma ba ta taɓa cika cokalin kowa ba. Dokarta ɗaya ce mai tsanani, wanda ya taɓa kananzir ba ya zuwa kusa da rumbu sai ya wanke hannu da toka.

Ni dai a idona duk ƙuda ƙuda ne. Inna kuwa ta san su kamar yadda ta san 'ya'yan maƙwabta. Akwai baƙa, mai son ramin bango da kogon tsamiya. Akwai 'yar ƙasa, wadda ke gini a tsohon suri, ita ba ta yarda da gora sam. Akwai galla, 'yar mitsitsiya da ke addabar idon manomi tana neman gumi. Sai kuma ja, wadda ita ce 'yar gaban goshinta, don zumarta ce maganin gaske. Ita jar ma a wajen Inna ba iri ɗaya ba ce. Ta ƙauyen Farfaru bututunta gajere ne kuma ba ta fita sai rana ta ɗaga. Ta wajen Riko tana da faɗa da cinnaku amma ba ta jure zafi. Ta garinsu kuwa, ta bakin tafki, sammako gare ta, kuma ko a shekarar da furanni suka yi ƙaranci sai ta samo abin da za ta ajiye. Mukan yi mata tsiya mu ce son garinsu ne kawai, ta ce mu je mu tambayi cokalin mutane.

Duk bayan shekara uku ko huɗu akwai abin da ake yi wanda muke kira musaya. Inna za ta zaɓi gora ɗaya a kai wa yayanta, Kawu, can ƙetare, shi kuma ya aiko da ɗaya daga nasa. Wani lokaci da wani tsoho na ƙauyen Mazanya ake yi. Na taɓa tambayarta amfanin wannan wahala, tunda duka rakuwa ce. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta ce, “Kai, in sunka daɗe su kaɗai, dangi na auren dangi, sai uwa ta riƙa haihuwar ragwaye. Baƙon jini ka tashe su.” A lokacin daji ma yana taimakawa, don kowace tsohuwar kanya da marke da ɗorawa tana da nata gidan rakuwa, suna cuɗanya da na gida ba tare da kowa ya sani ba. Wata jikata da ke karatun halittu a jami'a ta ce malamansu ma haka suke faɗa, wai ƙarfin kowane iri yana cikin bambancin da ke tsakanin 'ya'yansa, in bambancin ya ƙare cuta ɗaya ko fari ɗaya sai ya share su duka. Na ce mata Inna ba ta san baƙi ba, amma ta riga su.

Sai abubuwa biyu suka zo mana a jere. Na farko fari ne, wanda ya busar da itatuwa a tsaye, musamman can ƙetare. Na biyu kuɗin mai. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane yadda gari ke sauyawa a damina biyu ba. Rediyo a kowane shago, babura suna ta ƙara, kwano ya kori jinka, siminti ya toshe ramukan bangon da baƙar rakuwa ke zama. Manyan motoci suna shiga daji suna fitowa da itace ana kai wa gidajen burodi na birni. Katafila tana ture itatuwan da kakanninmu suka yi salla a ƙarƙashinsu don a buɗe manyan gonaki, ga maganin feshi da aka fara rabawa, wanda ba ya tambayar ƙwaro ko na kirki ne. Ni a lokacin ina ganin duk wannan ci gaba ne, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa. Na bar fartanya na koyi tuƙi, wani Alhaji ya ba ni akori-kura ina kai gangunan fetur ƙetare ina dawowa da su babu komai. Ina da agogo, ina da tabarau, ina ji kamar ni na shimfiɗa kwaltar.

A gida kuwa gorunan Inna sai raguwa suke. Baƙaƙen suna nan dai da ƙarfinsu, amma jajayen sun koma biyu, su ma sautinsu ya yi ƙasa, bakin bututu ba ya cika da masu gadi kamar da. An yi shekara shida ba a yi musaya ba saboda fari, tsohon Mazanya kuma ya rasu. Na lura Inna ta rage cin abinci, da asuba kafin ta ɗora komai sai ta je ta tsaya a gindin rumbu. Gab da faɗuwar damina, lokacin da tsamiya ke fure, saƙo ya zo daga Kawu cewa a aiko a karɓi gora. Ta kira ni ta ce in je, amma ta kafa mini sharaɗi.

“Da ƙahwa za ka dawo, ta cikin gulbi, yadda aka saba. Motar nan taka ba ta ganin goran ga.”

Na ce to. Amma a raina na ce wace irin tafiyar yini guda a rairayi, alhali ga hanya an gyara. Ranar ma ina da kaya zuwa ƙetare, sai na sauke gangunan aka juye, na ajiye motar a bakin kasuwa, na taka zuwa ƙauyen Kawu kamar wanda ya zo da ƙafa tun daga gida.

Kawu dogon mutum ne marar yawan magana, fari ya rage masa shanu da ƙiba. Bayan magariba, da ya tabbatar rakuwar duka sun koma cikin gora, ya sauko da goran da kansa. Ya liƙe bakin bututun da ɗanyen yumɓu, ya huda ƙananan ƙofofi da tsinke don su sha iska, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen zane, sannan ya ɗauki gawayi ya yi alama a saman. Ya ce kada alamar nan ta kalli ƙasa ko sau ɗaya, don in goran ya karkata tukwanen zumar da ke ciki za su fashe su kashe 'ya'yan. Ya ce duk inda na samu ruwa in sake jiƙa zanen, in rana ta take in zauna a inuwa har ta karya. Ya kara mini shi a kunne. Wallahi ban taɓa jin gora mai ƙarfi irin wannan ba, har cikin haƙorana nake jin sa.

“Ɗan ƙanwata,” in ji shi, “ka tahi da ita sannu. Ba kaya ta ba, baƙuwa ta.”

Da asuba na yi sallama na kama hanyar gulbi har na ɓace wa ganinsa, sannan na karkata zuwa inda motata take. A gaban motar akwai mutum biyu da na yi wa alkawarin kawowa Jibiya, kuma ƙasan gaban zafin inji gare shi, sai na ga baya ya fi. Na kafa goran a tsaye tsakanin gangunan, na cusa tsummoki ta ko'ina don kada ya motsa, alamar gawayi tana kallon sama daidai yadda aka ce. Har yaba wa kaina na yi. Dokar kananzir ta faɗo mini a rai, amma na ce ai gangunan babu komai a ciki, an juye su tas. Na lissafa cewa kafin rana ta yi zafi ina gida, in ɓoye motar, in jira la'asar in shiga da gora a ka ina ɗingishi.

Da na iso kan iyaka sai na tarar da layi. A shekarun nan motocin da ke ratsa wurin sun fi ƙarfin hanyar, ranar kuma wata babbar mota ce ta lalace a tsakiya ta toshe komai. Tun daga wajen duwan, wato kwastan na ƙetare, har namu ɓangaren, mota bayan mota, masu dako suna ta kai da kawo, masu tuwo da fura suna cin kasuwa. Babu itace ko ɗaya kusa, an sare su lokacin faɗaɗa hanya. Hantsi ya yi, rana ta fara dukan bayan motar. Sai na yi abin da a ganina dabara ce, na jawo tampol na rufe bayan gaba ɗaya, gora da ganguna, na ɗaure gefe da gefe don in yi musu inuwa. Na koma gaba na zauna ina kallon agogo. Can sai na fara jin gangunan suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, kamar ana buga su daga ciki, zafi ne ke kumbura su. Na ji, amma ban gane abin da nake ji ba.

Wani direba ɗan Maraɗi da ke bayana ne ya zo ya leƙo ta taga ya ce, “Abokina, mi ka ɗauko haka? Motarka warin isansi takai awa za ta kama wuta.”

Ban san lokacin da na fito ba. Da na ɗaga tampol ɗin, tururin fetur, isansin da yake nufi, ya buge ni a fuska har idona ya kawo ruwa. Zanen da Kawu ya jiƙa ya bushe ƙayau, goran ya yi ɗumi a hannuna. Na kara shi a kunne, amma injuna sun fi ashirin suna ruri a kewaye da ni, ga hon, ga hayaniya. Wani lokaci in ji kamar akwai motsi, wani lokaci in gane bugun jinina ne nake ji. Na sayi ruwa na jiƙa zanen, na tsuguna a inuwar wata babbar mota na rungume shi, ina ta addu'ar da ban yi irinta ba tun ina yaro. Na so in fasa yumɓun in duba, na ji tsoron in suna da rai su watse a wurin da babu itace. Na so in bar motar in kama hanya da ƙafa, na ji tsoron Alhaji. Haka na zauna tsakanin tsoro biyu har aka janye motar da ta lalace bayan azahar. Sauran tafiyar ɗaya daga cikin mutanen nan ne ya riƙe mini shi a cinya, ina tuƙi ina satar kallon sa.

Ban ma yi wahalar ɓoye motar ba. Na shiga gida da goran a hannu, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Kafin in gama sallama ta ɗaga kai ta shaƙi iska, sai ta ajiye rariyar. Ta taso. Ta karɓa, ta kai shi nesa da rumbu, ta zauna ta ɓare yumɓun da farce. Muka jira. A ƙa'ida da an buɗe sai su yi ta tururuwar fitowa suna zagaye kan mutum. Babu wadda ta fito. Ta sa wuƙa ta buɗe goran ta wajen ɗinkin, sai ga su a tare a ƙasa, jajaye, tuli guda kamar an zuba dawa. Ta tona da tsinke har ta samo uwar, mai babban ciki, ta ɗora ta a tafin hannu ta hura mata iska a hankali, sau uku. Sannan ta lakaci zumar ta kai baki, ta juya ta tofar.

Na fara cewa rana ce, layi ne, motar da ta lalace ce. Ta ce, “Kai, ban tambaye ka ba. Gobe ka koma ka hwaɗa ma Kawunka da bakinka. Da ƙahwa.”

Wannan karon na bi gulbi. Rabona da hanyar tun ina ɗan shekara goma sha, lokacin da muke tafiya daga inuwa zuwa inuwa, Inna tana nuna mana bututun rakuwa a jikin itatuwa tana faɗin wace ce wace. Yanzu kututture ne a jere, wasu fari ya kashe, wasu gatari. Ina tafe ina duba duk itacen da ya rage, ina cewa a raina ko Allah zai sa in ga ja in samu abin da zan faɗa wa Kawu. Tun safe har la'asar ban ga ko ɗaya ba. A nan tsoro na gaske ya fara shiga ta, don na gane dajin da muke ɗauka ba ya ƙarewa ya riga ya tafi, ni kuma ina kan kwalta ban lura ba. Amma ina ta lallashin kaina cewa Kawu yana da wasu, na ga goruna huɗu a rataye a rumbunsa, zai yi faɗa ya gama ya ba da wani.

Na same shi yana gyaran igiya a ƙofar gida. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya ce, “Har ka dawo? Ta zamna?”

Na tsuguna na faɗa masa komai, da motar, da gangunan, da tampol, ban rage ba. Ya ajiye igiyar. Sannan ya tashi ya ce in biyo shi. Muka zagaya bayan rumbu, ya sauko da gorunan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini. Kowanne shafal, babu nauyi, bututun ya bushe ya karye, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin na ƙarshe.

“Tun bara waccan sunka mutu,” in ji shi. “Na bar su nan don ido ya saba. Waccan ɗaya ta rage min, ita ɗai ta ƙi mutuwa. Nic ce nan itace ya ƙare, ku can an ce arziki ya zo muku, in na aika ta wajen ƙanwata ta tsira.”

Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya sa aka kawo mini fura, ya zauna yana kallo har na sha.

Jajayen Inna biyu ba su kai damina ta uku ba. Ba wata cuta muka gani ba, raguwa kawai suka yi ta yi, har wata safiya babu mai gadi a bakin bututu. Matan unguwa suka ci gaba da zuwa da cokali, tana ba su ta baƙa tana cewa ba ita ba ce amma a gwada. Har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba. Na yi shekara talatin ina tuƙi bayan haka, kuma babu kasuwar da na shiga daga nan har bayan Maraɗi ban tambayi masu zuma ba. Da yawa ba su ma san abin da nake nufi ba. Wasu tsofaffi sukan ce sun san ta, har su kwatanta mini itacen da suka gan ta, in je in tarar da gona ko gidan mai. Yanzu ƙafa ta ƙi, sai dai in aika, masu zuwa kuma ba su san abin da za su duba ba. Na roƙi Allah gafara a kan manyan abubuwa da yawa na samu natsuwa, amma wannan ƙaramin ya ƙi barina. Har yau ban sani ba ko jar bakin tafki tana nan da sauranta a wani kogon da ba wanda ya leƙa, ko kuwa a bayan motata ta ƙare.